Abin Shanmu na Halal



A Amurka da Turai, ƙananan gidajen haɗa giya sun yawaita, kowane gari yana alfahari da abin da ya sarrafa. Mu kuwa a Jihar Sakkwato, inda addini ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, kuma hukuma ta ƙarfafa shari'a tun shekarar 2000, alfaharinmu yana ga abin sha na halal.

A Tambuwal da Kebbe, iyayenmu mata, waɗanda suka gaji wannan sana'a kaka da kakanni, su ke jiƙa gero su markaɗa shi da citta da kanumfari su dama kunun zaƙi, su ke dafa zoɓo, su ke kirɓa fura a dama da nonon Fulani. Daga ribar nan ake ciyar da iyali.

Bukata ta farko a wannan sana'a ita ce tsabta: ruwa mai kyau, mazubi wankakke. Ta biyu ita ce lura, domin kunun da ya daɗe cikin zafi yana tsami ya lalace. Ta uku ita ce jari, wanda ya wajaba a kan hukuma da mawadata.

Mu saya, mu sha, mu taimaki masu sana'ar.