Motar bashi: da watan wahala ake lissafi

Jawabin da aka gabatar a gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.

 

Duk wanda ya je neman sabuwar mota bashi, tambayar da ke fara fitowa daga bakinsa ita ce: nawa za a riƙa biya a wata? Mai sayarwa da ma'aikacin banki sun san da haka, shi ya sa suke gaggauta ba da amsa mai daɗin ji. Tambayar da ta fi cancanta ita ce: shin gidan mai saye zai iya fidda wannan kuɗi a watan da ya fi kowane tsanani cikin shekara, har tsawon shekara 3 ko 5? Bashin banki yana da ranarsa, kuma rana ba ta ƙarya. Albashi da ribar kasuwa kuwa, tarihin ƙasar nan ya nuna suna iya makara.

A fara da lissafi. A ƙaddara motar ta kai miliyan 10 na sefa. Mai saye ya zuba miliyan 2 daga aljihunsa, banki ya ranta masa miliyan 8 da ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara. In ya zaɓi shekara 3, zai biya wajen jika 258 kowane wata, ruwan da zai hau kansa gaba ɗaya ya kai miliyan 1 da jika 290. In ya zaɓi shekara 5, biyan wata zai sauko jika 170, amma ruwan zai kai kusan miliyan 2 da jika 200. Sauƙin da yake ji a ƙarshen wata ya saye shi da jika 900. Tsawaita wa'adi ba laifi ba ne ga wanda ya san farashinsa. Laifin shi ne sa hannu ba tare da an sani ba.

Akwai wani tarko a cikin kalmar ruwa kanta. Lissafin da ya gabata na ruwan da ake ɗorawa bisa abin da ya rage na bashi ne, wanda ke raguwa wata bayan wata. Wasu masu ba da rance kuwa suna ɗora kashi 10 bisa miliyan 8 ɗin farko, shekara 5 cur, kamar ba a biya ko dala ba. Ta wannan hanya ruwa ya zama miliyan 4, biyan wata ya zama jika 200, ruwan gaskiya kuma ya haura kashi 17. Suna ɗaya, nauyi daban. Don haka dokar ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma ta tilasta a rubuta a yarjejeniya adadin da ake kira TEG, wanda ya haɗa ruwa da kuɗin takardu da sauran cajin da aka sharɗanta. A 2014 an tsaida iyakarsa kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ajiya da rance. Wannan adadi shi ne mudun da za a auna banki da banki. Wanda ya guje wa ruwa saboda addini ya nufi bankin Musulunci, a can banki ke sayen motar ya sayar masa da ribar da aka yanke tun farko, wato murabaha. Shi ma wajibi ne ya tara jimillar abin da zai biya kafin ya amince.

Ga ma'aikacin gwamnati, banki kan nemi albashi ya riƙa faɗowa a asusunsa, ya cire nasa kafin mai shi ya taɓa ko tamma. Ma'aunin da aka saba shi ne kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Da wannan ma'auni, biyan jika 170 yana neman albashin jika 510. Kowa a wannan zaure ya san ma'aikata nawa ne suka kai nan. Kuma kashi ɗaya cikin ukun nan iyakar banki ce, an tsara ta don kare kuɗinsa. Banki bai ƙirga hayar gida ba, bai ƙirga buhun hatsi da ake aikawa ƙauye idan damina ta faɗi rumbu ya ƙare ba.

Bayan biyan banki sai cin motar kanta. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100, in ta yi kilomita 1,000 a wata, ta sha lita 70. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsaida a watan Yulin 2024, jika 35 ke nan. Zuwa Maraɗi daga Yamai da komowa, fiye da kilomita 1,300, zai ci wajen jika 46. Ga asiransi, wanda doka ta wajabta, kuma mai ba da rance kan nemi cikakke tunda motar jinginarsa ce. Ga harajin shekara, ga sauyin baƙin mai, ga tayoyi waɗanda zafin bazara da ramukan hanya ba su raga musu. Kuɗaɗen da ke zuwa sau ɗaya a shekara a raba su gida 12, a ɗora kan biyan wata. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin motar a wata.

Sannan a kawo kalanda. Shekarar magidanci ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Akwai azumi da kayan salla, akwai ragon layya, akwai komawar yara lakwal a watan Oktoba, akwai suna da biki da jinya waɗanda ba su sallama. A zaɓi watan da ya fi nauyi, a cire dukan waɗannan daga abin da ke shigowa. In ragowar ta ɗauki motar, to motar ta halatta ga aljihu. In ba ta ɗauka ba, bashin banki zai haifi bashin ɗan kanti, na ɗan kanti ya haifi na mai adashi.

Dattawan ma'aikata ba su buƙatar a tuna musu shekarun 1990, lokacin da albashi ke taruwa watanni a hannun gwamnati, ƙungiyoyin ƙwadago na yajin aiki, masu bin bashi na tsaye a ƙofar gida. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Bashin da aka ci da sefa bai ƙaru ba, amma duk abin da mota ke buƙata daga waje ya yi tsalle, albashi kuwa bai bi shi ba. Matasa sun ga nasu a 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya sa fidda kuɗi daga banki ya zama aiki, aka rufe iyakar Benin, kayan da ke bin Kotonu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A watan Maris na 2025 kuma an yi dogayen layuka a gidajen mai, ko da yake matatar Damagaram na aiki tun 2011. A dukan waɗannan lokuta ranar biya ba ta gusa ba. Saboda haka wanda bai ajiye biyan wata 3 a gefe ba, bai shirya ɗaukar makulli ba.

Ɗan kasuwa yana da nasa haɗari. Wanda ke ciniki tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, ribarsa na bin naira, bashinsa na bin sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ta kuma saki naira a watan Yuni, man kwalba mai araha ya yi wuya, kuɗin da ke hannun abokan ciniki ya zube. Mota kuma ba haja ba ce: ranar da ta bar gidan sayarwa darajarta ke fara sauka. In don aiki aka saye ta, a rubuta abin da take shigowa da shi a littafi na dabam, ta biya kanta. In don fita kunya aka saye ta, a biya daga riba, kada a taɓa uwar kuɗi. Jarin da aka gutsura kowane wata ba ya kuka, sai ranar da kaya suka iso duwan aka rasa na fansa.

Kafin sa hannu, mai saye yana da haƙƙin neman jadawalin biya a rubuce, wata bayan wata, ya kai gida ya karanta. Ya tambayi tarar makara, ya tambayi abin da za a caje shi in ya so biya kafin wa'adi, ya tambayi bayan wata nawa ake ƙwace mota, da kuma wanda zai ɗauki sauran bashin in rai ya yi halinsa. Wanda bai iya Faransanci ba ya tafi da amintacce mai karanta masa, sharaɗi bayan sharaɗi. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa ma suna da aiki a nan: su nemi bankuna su bayyana waɗannan sharuɗɗa cikin harsunan ƙasa.

In lissafi ya ƙi, akwai ƙaramar mota, akwai ta hannu mai lafiya, akwai haƙurin shekara guda don a ƙara abin zubawa na farko. Ko ɗaya cikinsu ba abin kunya ba ne.

Allah ya sa albarka a nema.