Ruwan Kujerar Likitan Haƙori: Jawabi ga Taron Ƙungiya na Shekara

 

Muna godiya ga Allah da Ya sake tara mu. Ƙungiyarmu ta ɗauki aniyar saya wa asibitin garinmu kujerar aikin haƙori, domin mutanenmu su huta da doguwar tafiya neman magani. Wannan aiki ne na alheri. To amma kafin a kashe kuɗin jama'a, akwai abin da ya wajaba mu sani game da ruwan da ke bi ta cikin wannan kujera.

Kujerar tana da siraran robobi, faɗin ramin kowanne bai wuce milimita 2 ba. Ta cikinsu ruwa ke zuwa ya sanyaya injin da ke huda haƙori, ya kuma wanke bakin majiyyaci. Idan aka tashi daga aiki, ruwan yakan kwana a ciki, wani lokaci har ƙarshen mako. Sai ƙwayoyin cuta su manne a jikin robar, su haifar da yauƙi irin na randar da aka daɗe ba a wanke ba. Daga wannan yauƙi suke tsinkewa su bi ruwa zuwa bakin mutum, ko su bi feshi zuwa huhunsa, alhali ruwan garau yake a ido.

Tun shekarar 1963 wani likitan haƙori a Ingila mai suna Blake ya bayyana wannan matsala. A 2011 wata dattijuwa 'yar shekara 82 ta rasu a Italiya da ciwon huhu na Lajiyonela, aka bi diddigi aka sami ƙwayar a ruwan kujerar likitanta. A 2015 a jihar Jojiya, da kuma 2016 a Kalifoniya, duk a Amurka, yara da dama sun kamu da wata ƙwaya 'yar uwar ta tarin fuka bayan an yi masu aikin haƙori, har aka yi wa da yawansu tiyata.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shimfiɗa ƙa'ida a 2003: kada ƙwayoyin su wuce 500 a kowace mililita, wato ma'aunin ruwan sha, a saki ruwa ya zuba na daƙiƙa 20 zuwa 30 bayan kowane majiyyaci, aikin tiyata kuwa sai da ruwan da aka kashe ƙwayoyinsa sarai. Sakin ruwa kaɗai ba ya kankare yauƙin, sai an haɗa da magani.

Idan haka ta faru inda ruwan famfo ba ya yankewa, ina ga mu da ke ajiye ruwan burtsatse a tanki cikin zafi, wuta kuma ta ɗauke kujera ta yi kwanaki ba aiki?

Saboda haka muna ba kwamiti shawara uku. A zaɓi kujera mai kwalbar ruwanta daban. A ware kuɗin maganin wanke robobi da na gwajin ruwa a kasafin kowace shekara. A tura ma'aikaci ɗaya horo, a ba shi littafin da zai riƙa rubuta ranar kowane wanki, kamar rajistar makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.