YARANMU A FILIN WASA

  

Yau maganarmu a kan wasan yaran firamare ce. Wataƙila wani dattijo zai ce, "Haba Fasto, duk damuwar da ke duniya, sai maganar guje-guje?" A yi mana haƙuri kaɗan. Manzo Bulus bai raina wannan magana ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, sura 2, aya 5, ya tuna wa ɗansa cikin bangaskiya cewa a wurin gasa, riga kowa isa bai isa a ba mutum lada ba, sai an duba ta hanyar da ya bi ya isa. Bulus ya san abin da yake faɗi, gama ya zauna shekara ɗaya da rabi a Koranti, kusa da birnin kuwa akan yi wata babbar gasa kowace shekara biyu. A Olimfiya ma, wanda aka kama da maguɗi akan ci shi tara, a ƙera gunki da kuɗin, a kafa shi a bakin hanyar shiga filin, domin kowane ɗan wasa ya gani ya ji tsoro. Idan masu bautar gumaka sun ƙi maguɗi haka, balle mu?

Mu da muka girma a ƙauye mun san langa. Bayan kaka, in farin wata ya fito, sai mu taru a dandali, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, a yi ta ture-ture. Ba alƙalin wasa, ba usur. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, shi da kansa yake fita, domin ya san idan ya yi gardama gobe ba wanda zai yarda ya yi wasa da shi. A nan da yawa cikinmu muka fara koyon cewa mutum yana iya faɗuwa ya tashi da mutuncinsa.

Amma bari mu gaya muku abin da muka gani da idonmu. An gayyace mu ranar gasar gidaje a wata makarantar firamare a nan ƙasarmu, ba za mu faɗi sunanta ba. Gidan ja, gidan kore, gidan shuɗi da gidan ɗorawa sun yi fareti, an yi gudun buhu, an yi jan igiya, kowa na murna. Da aka zo gudun mita 100 na maza, sai ga wani ƙato a cikin layi, muryarsa ta riga ta buɗe, rigar gidan ma ta matse shi. Kowa ya san ba ɗan makarantar ba ne, sojan gona ne aka ɗauko daga gari. Ya ci gudun, aka yi tafi, aka ba shi kyauta. Yaron da ya zo na biyu ɗan ikkilisiyarmu ne, wanda ya yi wata guda yana tashi da asuba yana gudu a bayan gari. Da yamma ya tambayi ubansa, "Baba, malamai ba su gane shi ba ne?" Uban ya rasa abin da zai ce. Mu ma da muke zaune a inuwar rumfa a kan kujerar manyan baƙi, mun gani, muka yi shiru don kada mu ɓata wa mutane biki. Muna furta wannan a gabanku, gama laifi ne.

'Yan'uwa, yaron nan bai yi kuka don kyautar ba. Abin da ya dame shi shi ne manya sun ga ƙarya, sun tafa mata. Wannan darasi ya fi na allo shiga kai, kuma shi ne yake komawa satar jarrabawa a sakandare, da takardar haihuwa ta jabu, da mudu mai gindi biyu a kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mu tuna ana iya tanƙwara shi ta kowane gefe.

Ƙasarmu ta riga ta sha kunyar wannan hali. Nijeriya ce ta ci kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, muka yi murna ƙwarai. Amma a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da mu shekara 2 daga gasar matasa, domin an sami saɓani a shekarun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu, aka kuma karɓe gasar matasa ta duniya ta 1991 daga hannunmu aka ba Fotugal. Daga baya har sai da aka koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun yara da na'urar asibiti don a gane shekarunsu, tun da maganar bakin manya ta daina zama shaida. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu ma an taɓa cutarmu, mun san zafinta. A wasannin Olamfik na Sidni a 2000, 'yan gudun miƙa sanda na Nijeriya su huɗu sun zo na biyu a bayan Amurka. A 2008 ɗaya daga cikin 'yan Amurkan ya furta cewa ya yi amfani da magungunan ƙara kuzari. Sai a 2012 aka mayar wa Nijeriya lambar zinariya. Amma Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun, ya riga ya rasu a watan Disamba na 2011, bai riƙe zinariyarsa a hannu ba. Kun ga, mai maguɗi ba doka kaɗai yake karyawa ba, hakkin maƙwabcinsa yake ci.

Akwai wata cuta ta biyu wadda ba a cika lura da ita ba, wato hana yaro shiga. Makaranta mai yara ɗari biyar, sai a zaɓi ashirin masu ƙafa, sauran a tara su a gindin darbejiya su yi ta tafi. 'Yan mata a ce su je su ɗebo wa baƙi ruwa. Mai ƙiba a yi masa dariya, mai ɗingishi ba a ko kallonsa. A Korantiyawa ta fari, sura 12, Bulus ya kwatanta jama'ar Allah da jiki, ya nuna mana cewa gaɓar da ake gani kamar marar ƙarfi ita ma ba a iya rabuwa da ita. Ashe bai kamata a ga wannan a filin makaranta ba? Ku tuna da Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, wanda a 1988 ya kafa ƙwallon da waɗanda shan inna ya taɓa suke bugawa da hannu, suna zaune a kan katako mai taya. Mutanen da aka saba barin su a bakin fili, ga su a tsakiyar fili ana yi musu tafi. Idan aka ba yaro wuri, zai nuna abin da Allah ya sa a cikinsa.

Da yawa cikinku kun ji labarin Eric Liddell, mutumin Sikotilan, wanda ya ƙi gudun mita 100 a Olamfik na Faris a 1924 domin zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, sa'an nan ya ci zinariya a mita 400. Amma ƙarshen labarin ya fi amfani gare mu yau. Ya koma ƙasar Sin aikin bishara, a 1943 kuwa sojojin Japan suka tsare shi a wani sansani tare da yara masu yawa, waɗansu ba iyayensu a kusa. Shi ne ya riƙa shirya musu wasanni, sai dai ban da Lahadi. Waɗanda suka zauna a sansanin sun ba da labari cewa wata Lahadi yaran suka shirya wasa su kaɗai, ya ƙare da faɗa. Lahadi ta gaba sai ga Liddell a fili yana yi musu alƙalanci. Abin da bai yi don zinariya ba, ya yi shi domin yara su zauna lafiya. Ya rasu a sansanin a watan Fabrairu na 1945.

To, me za mu yi? Iyaye, kada mu rage wa yaro ko wata ɗaya a takarda, ko wa ya roƙe mu. In ya dawo daga gasa, mu fara tambayarsa ko ya yi gaskiya, ko ya gai da wanda ya tsere masa, sa'an nan mu tambayi na nawa ya zo. Mu bar 'ya'yanmu mata su yi gudu da tufafin da ya dace. Malamai, ku sa kowane yaro a cikin wani wasa, ko da gudun cokali ne, kuma in ɗan gidanku ya taka layi, ku busa usur kamar yadda za ku busa wa ɗan wani gida. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, mu je taron iyaye da malamai mu yi magana tun kafin ranar gasa, da ladabi, ba da faɗa ba. A ƙasar Daura yaranmu kaɗan ne a cikin 'yan'uwansu Musulmi, kuma gida ɗaya ake sa su, igiya ɗaya suke ja. Iyayen waɗancan yara su ma suna ƙin ƙarya, za mu same su a gefenmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, abin da yara suka ga muna yi shi za su yi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka gafarta mana shirun da muka yi a gaban ƙarya. Ka ba malamanmu zuciyar adalci. Ka koya wa yaranmu su ci nasara ba da fahariya ba, su faɗi ba da ƙiyayya ba. Ka tuna da yaron da aka bari a bakin fili, ka ba mu ido mu gan shi. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Ubangiji ya albarkace ku, ya kiyaye ku. Sai mako mai zuwa in ya bar mu da rai.