Ƙwaron da Ke Dawowa Bayan Feshi

 

Kun san cutar Chagas, wadda Carlos Chagas ya gano a Lassance ta Brazil a 1909, kun kuma san ƙwayarta, Trypanosoma cruzi, dangin mai haddasa ciwon barci da sammore a nan gida. Can ba tsando ke yaɗa ta ba. Wani ƙwaro ne mai ɓuya a tsagar bangon laka da jinka, ya fito da dare ya sha jini, ya yi kashi kusa da cizon, mai barci ya sosa ya cusa wa kansa cutar.

Rigimata da masu tsara yaƙi da cutar ta daɗe. Su a wurinsu feshi ne magani, hujjarsu kuma shirin ƙasashen kudancin Amurka ta Kudu na 1991, wanda ya tsayar da yaɗuwa ta hanyar ƙwaron Triatoma infestans a Uruguay a 1997, Chile a 1999, Brazil a 2006. Ban musa ba. Amma a waɗannan ƙasashe ƙwaron baƙo ne, mutane suka kai shi cikin kayansu.

Ku dubi Amurka ta Tsakiya, don nan hujjata take. A da ƙwari biyu ne a gidajen Guatemala da Honduras, Rhodnius prolixus da Triatoma dimidiata. Da aka binciki ƙwayoyin gadon Rhodnius prolixus, sai aka tarar na yankin kusan duk tsatso ɗaya ne, bambancinsu kaɗan idan aka gwada da na Venezuela da Colombia. Wannan alama ce ta 'yan tsirarin da aka shigo da su, ana ma kyautata zaton daga ɗakin gwaji suka kuɓuce a El Salvador wajen 1915. Ba shi da dangi a daji. Aka yi feshi, ya ƙare. Shi kuwa Triatoma dimidiata ɗan ƙasa ne. Yana kogo, yana tarin duwatsu, yana akurkin kaji, kuma gadonsa ya nuna na daji da na gida suna cuɗanya. A fesa gida yau, bayan 'yan watanni 'yan'uwansa sun tare. Magani ɗaya, ma'aikata ɗaya, sakamako biyu, kuma amsar tana rubuce a jikin ƙwaron tun kafin a saɓa famfo a kafaɗa.

A yankin Gran Chaco kuwa, wajen garin Salvador Mazza a arewacin Ajantina, T. infestans ya daina jin maganin feshi na deltamethrin. Cikin sauye-sauyen gadon da aka samu a jikinsa har da L1014F mai sa ƙwaro jure magani, wanda masu nazarin sauronmu na Afirka ta Yamma suka sani sarai.

Ana ce mini gwajin gado tsada gare shi. Feshin da ake maimaitawa shekara goma fa, kyauta ne?

Abin da nake nema shi ne a kama ƙwari kafin feshi da bayansa, a gwada, a san ko ragowa ne ko sababbin zuwa. In ragowa ne, a gyara feshin ko a sauya magani. In daga daji suke, kuɗin ya koma ga bango. Carlota Monroy ta Jami'ar San Carlos a Guatemala ta nuna hanya: magidanta su yaɓe bango da ƙasa da yashin garinsu, su daɓe ɗaki, su fitar da kaji waje.