Jawabi ga rassan jam'iyya: wa za ya karantar da ɗiyanmu a lise?

 Ƴan'uwa na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da sauran garuruwan kasuwa, ku saurara.

Zamanin mulkin Faransa, ɗan ƙasa in ya yi ƙoƙari ƙwarai, sai a kai shi lakwal ɗin William Ponty, can Sanigal, ya komo mushen ƙaramar lakwal. Diori Hamani, da Bubu Hama, da Jibo Bakari, duk ta nan sunka biyo. Amma lise, wannan wurin Nasara ne.

To, ku dubi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda anka haifa 1929. Shi ma ya yi Ponty, amma bai tsaya nan ba. Ya wuce Paris, ya karanta fizik, har 1956 ya ci agregasiyo, jarrabawar da ta fi kowace wuya ga mai son karantarwa a lise, wadda ɗiyan Faransa da kansu ke faɗuwa. Ya fara aiki Dakar. Da Gine ta ce a'a ga De Gaulle cikin 1958, Faransawa sunka kwashe ma'aikatansu, yana cikin malamman Afirka da sunka tafi Konakiri don kada azuzuwa su rufe. Daga baya ya karantar Yamai da Bamako. Cikin 1964 ya fidda littafi bisa ilimi a Afirka, inda ya nace a karantar da yara cikin harsunansu. Ya rasu 1991, jami'ar Yamai kuwa sunanshi ta ɗauka.

Yaron da ke son wannan aiki, ga hanya. Shekara 4 kwalej, ya ci birbe. Shekara 3 lise, ya ci bak. Sannan jami'a, da makarantar horon malammai ta Yamai, inda za a koya mishi yadda aka tsayuwa gaban aji. Don sanin lissafi daban, iya ba da shi daban.

Aikin kuwa ba na raggo ba ne. Ku kan ga mushe ya fito aji da alli a riga, ku ce ya gama. Bai gama ba! Dare shi ka zama da tulin takardun yara yana gyara da jan biro, ya shirya darasin gobe. Da yawansu ƴan kwantiragi ne, albashi kaɗan, an jefa su garin da ba su san kowa ba.

Saboda haka kowane reshe ya tashi. In an aiko sabon malami garinku, ku samo mishi ɗaki tun ba a buɗe lakwal ba. Ku riƙa zuwa taron uwayen yara. Yarinyar da ke da kai, kada a fidda ta aji don aure. Taro mai zuwa, kowane sakatare ya zo da lissafin malamman da babu a kwalejin garinshi, fanni fanni.

Wassalam.