Sallah Da Biki A Baƙon Wuri: Abin Da Muka Gani A Ingila



Da aka aiko mana cewa mu zo nan Zuru mu yi muku bayani a kan zaman da muka yi a Ingila, mun zaci za a tambaye mu yadda ake neman gurbin karatu da kuɗin tallafi. Sai muka ga takardar gayyata ta ce a'a, abin da ake so shi ne mu faɗi yadda muka yi yawon buɗe ido, da yadda muka yi bukukuwa a can. To, wannan ya fi wancan wuyar faɗa, domin ba a rubuta shi a takardar kowace jami'a ba.

Mu biyar ne 'yan wannan ƙasa da muka haɗu a Landan daga watan Satumba na 2015 zuwa kakar 2016, muna karatun digiri na biyu a jami'o'i daban-daban. Uku Musulmi, biyu Kirista. Wani daga Zuru, wani daga Dabai, wata daga Ribah. Ba mu ne farkon mutanen nan da suka ƙetare teku ba. Kakanninmu sun riga mu, cikin kakin soja, sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, na bayansu suka je Kwango a 1960, suka je Labanon, suka je Laberiya a 1990. Su ma Sallah da Kirsimeti sun riske su a baƙon wuri, sai dai su ba wanda ya kira su taro irin wannan ya tambaye su yadda suka ji.

Ba mu daɗe da sauka ba Babbar Sallah ta zo, ranar Alhamis 24 ga Satumba. A can ba ranar hutu ba ce. Muka saka manyan riguna muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, cikin mutanen da ke hanyar ofis, kowa ya sunkuyar da kai a kan jarida ko waya, ba mai ce maka barka, ba ma mai kallonka. A babban masallacin Regent's Park, wanda aka gama gininsa a 1977, ana yin sallar idi kashi-kashi saboda yawan jama'a, in waɗannan sun idar su fita, waɗancan su shiga. Muka yi sallah kafaɗa da kafaɗa da Larabawa da mutanen Fakistan da Somaliya da Turkiyya, abin gwanin ban sha'awa, amma da aka shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Ba rago, domin doka ba ta yarda mutum ya kayar da dabba a bayan gida ya yanka ba, sai a mayanka mai lasisi. Saboda haka kuɗin layya gida muka aiko da su, aka ci naman a nan, mu kuwa aka turo mana hoto. Da azahar muna wajen rajistar karatu. Da yamma labarin turmutsutsun da aka yi a Mina ya cika ko'ina, muka kwana muna bugo waya muna tambayar alhazan garinmu. Wannan ita ce Sallarmu ta farko.

Kirsimeti kuma sai ta zo mana ta wata fuska. 'Yan'uwanmu biyu Kirista sun ɗauka tasu ta yi kyau, tunda ga su a ƙasar da aka ƙawata kowane titi da fitilu tun watan Nuwamba. Ashe biki ne na cikin ɗaki. Ranar 25 ga Disamba ba jirgin ƙasa, ba bas, kantuna a rufe, kowa yana gidan iyayensa an ja ƙofa, rana kuma ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Wanda ya saba da Kirsimetin Zuru, inda yara ke zaga gidaje da kwanonin shinkafa, maƙwabci Musulmi ya ci na Kirista kamar yadda Kirista ya ci naman layyarsa, ya ga wannan shiru sai jikinsa ya mutu. Da yake mun ji labari tun da wuri, mun je unguwar Peckham, inda 'yan Nijeriya ke da kantuna, muka sayo manja da kuɓewa da busasshen kifi, muka taru a ɗaki guda tun jajibere. Dawa ba ta samu ba, da garin shinkafa muka tuƙa tuwon. Musulmin cikinmu su suka yi girki, Kiristocin suka taka da ƙafa zuwa coci mafi kusa suka dawo. Wata 'yar ajinmu Baturiya da ta ji wannan labari ta ce lalle mu masu sassaucin ra'ayi ne. Muka ce mata ba ra'ayi ba ne, a garinmu gida ɗaya kan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci da mai bin al'adar kakanni, tukunya kuwa ɗaya ce.

A daidai wannan lokaci na sanyi ne ake Uhola a gida, bayan an kai dawa rumbu. Ita ce kaɗai ba mu ko gwada yi ba. Sallah da Kirsimeti suna da kwanan wata, kwanan wata kuwa yana bin mutum duk inda ya je. Uhola dattawan gari ne ke sa mata rana, kowane gari da tasa, kuma tana bukatar amfanin gona, da makaɗa, da 'yan kokawa, da samarin golmo, da tsararraki kowa da sahunsa. Ba a ɗaure ta a akwati. A nan muka fara lura da wani abu: a gida muna da biki wanda bai damu da kwanan wata ba, a can kuma kwanan wata ne ke hannunmu, bikin babu.

Wannan shi ya kawo mu ga maganar ranar haihuwa, wadda muke so ma'aikatan cikinku su saurara da kyau. A Ingila ba inda za ka je, banki ne ko asibiti ko ɗakin karatu, da ba za a fara da tambayarka ranar haihuwa ba. Ita ce rabin sunanka. Cikin mu biyar, biyu fasfo ɗinsu na ɗauke da 1 ga Janairu, kuma dukanku kun san dalili. An haife su a ƙauye ba a rubuta ba, da za a shiga makaranta ko a nemi aiki aka je kotu aka yi takardar rantsuwar shekaru, aka ɗauki ranar da ta fi sauƙin tunawa. Akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin Nijeriya, amma kafa doka daban, isarta ƙauye daban. Ba wai iyayenmu ba su riƙe lokaci ba ne. Sun riƙe ranar mako a cikin suna, shi ya sa muke da Ladi da Talatu da Ɗanjuma da Asabe, sun riƙe wata a cikin Azumi, biki kuma sun yi shi ranar suna, sau ɗaya, ya wadatar.

To, abokan zaman ɗayanmu, wani ɗan Sin da wata 'yar Girka da wani Bature, suka ga 1 ga Janairu a takardar gidan haya, suka shirya masa biki a ɓoye. Muna zaune da daddare aka kashe fitila, aka shigo da kek an kafa masa kyandirori, ana waƙa. Ya miƙe ya rasa abin faɗa. Ya ce musu ranar ba tasa ba ce, ya kunyata mutanen da suka kashe kuɗinsu don su faranta masa. Ya yi shiru, ya karɓi abin da ya san ba haka yake ba. Ya hura kyandir ɗin, aka yi tafi. Washegari ya bugo wa mahaifiyarsa waya, karo na farko a rayuwarsa da ya tambaye ta yaushe aka haife shi. Ta ce ranar kasuwa ce, da damina, dawa ta kai gwiwa, ana noma na biyu. Wato dai ranar da ke fasfo ɗinsa ta kauce da kusan rabin shekara. Ya faɗa wa abokan zaman nasa gaskiya, ba su ji haushi ba, sai ma suka ce a sake wani bikin a watan Yuli. Abin dariya ne a ɗakin haya, amma ba abin dariya ba ne a ofis. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma wanda takardar makarantarsa ta faɗi wata rana, fasfo ya faɗi wata, katin ɗan ƙasa ya faɗi wata, zai sha wuya a ofishin biza yau, ya sha a ofishin fansho gobe. Ku daidaita takardunku tun kuna da ƙuruciya, 'ya'yanku kuma ku yi musu rajista.

Yawon buɗe ido kuwa aljihu ne ya tsara mana shi, musamman bayan watan Yuni na 2016, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta faɗi daga wajen 197 zuwa wajen 280 a kan dala ɗaya. Wannan ya faru ne a tsakiyar azumi mai tsawon fiye da sa'a 18, Ƙaramar Sallah kuma ta zo ranar Laraba 6 ga Yuli muna tsakiyar rubuta kundin bincike, ta wuce kamar ba a yi ba. Wuraren da ake biyan kuɗi daga waje muka kalle su. Mun hau tudun Greenwich, inda layin da ake auna agogon duniya da shi ya ratsa, layin da in ka bi shi kudu zai kai ka Tema a ƙasar Gana. Gidan Tarihin Birtaniya kyauta ake shiga, can muka tsaya gaban tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, muka yi ta kallo ba mai magana. Kusa da fadar Buckingham kuma akwai wasu ginshiƙai na dutse da aka buɗe a 2002 don tunawa da mutanen Afirka da Indiya da Karebiyan da suka yi wa Birtaniya yaƙin duniya biyu. Masu yawo suna wuce su a guje don su je kallon masu gadin fada. Mu mun daɗe a wurin, domin biyu daga cikinmu jikokin 'yan Bama ne.

Inda muka ji kunya shi ne ranar da wani malami, mai nazarin fasahar Afirka, ya ji mun ce daga Zuru muke. Nan take ya ɗauko littafi ya buɗe mana hotunan tukwane da siffofin yumɓu da kakanninmu ke ɗorawa a kan kaburburan manya, waɗanda ake ajiye da su a gidajen tarihi na Turai da Amurka da sunan Dakarkari. Ya shiga tambaya: su wa ke gina su, wa ake ɗora wa wanne, har yanzu ana yi? Muka yi ta kallon juna. Cikinmu mutum ɗaya ne ya taɓa zuwa Girmace ganin kadoji, ga ta nan cikin gari, kuma ba wanda ya taɓa shiga gidan tarihin Kanta a Argungu, a jiharmu ta Kebbi. Mutum uku cikinmu ba sa iya haɗa jimla biyar da C'lela.

Da muka dawo, Uholar farko da ta same mu mun je ta tare, mu biyar, da takarda da alƙalami, muka zauna wajen tsofaffi muna tambaya. Wani dattijo ya dube mu ya ce, "Ku ne waɗanda aka ce sun je Turai karatu?" Muka ce mu ne. Ya ce to mu matso kusa, kunnensa ba ya ji sosai.