Daga famfo zuwa moɗa, daga salanga zuwa ina? Jawabi kan sitajin ruwa da tsabta a Wagadugu

 

An ce in zo in ba da labarin sitajin da muka yi a Burkina Faso kan ruwan sha, salanga da tsabtar jiki. Irin karatun nan ne da ake fitar da ɗalibai daga aji a kai su cikin unguwanni da ƙauyuka, su yi aiki da hannunsu na ƴan makwanni. Mun haɗu da ɗalibai daga ƙasashen yankinmu, da wasu daga Turai. Ba hotunan tafiya zan nuna muku ba. Abu guda nake so ku tafi da shi yau, shi ne yadda aka koya mana mu bi sawun ruwa har ya shiga baki, mu bi sawun kashi har inda ya ƙare, kuma a kowane zango mu auna maimakon mu yi zato. Ku yi haƙuri da kalmar kashi, zan yi ta faɗinta. Kunyar kiran sunansa na cikin abin da ya sa yake komowa cikin randarmu.

Me ya sa Wagadugu? Garin yana zaune kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa kaɗan ne, kuma mutanen Damagaram da ke nan sun san abin da nake nufi, tunda su ma daga Gogo da Arunguza da Ganaram ake jawo musu ruwa. Su a can, mafi yawan ruwan birnin daga madatsar Ziga yake zuwa, kan kogin Nakambe, wajen kilomita 50 daga gari, kuma tun 2004 ake turo shi ta bututu. Can ne kuma makarantar 2iE take, wadda ƴan Nijar da yawa suka yi karatun injiniyan ruwa a cikinta. Wato ƙasa ce mai zafi da ƙura da talauci irin namu. Wannan ya yi mini daɗi, don babu wanda zai ce mini ai su Turawa ne, kuɗi gare su.

Aikin farko da aka ba mu shi ne ɗibar ruwa. Kowane rukuni ya ɗauki kwalabe masu tsabta ya shiga unguwar da ba a yi wa loti ba, inda mutane ke sayen ruwa a famfon unguwa. Ka ɗiba a bakin famfo. Ka bi mai tura ko yarinyar da ta ɗauki bido har gida, ka ɗiba daga bidon. Sannan ka nemi izinin uwar gida ka ɗiba daga randa, da moɗar da kowa ke sha da ita. Samfuri uku kenan na ruwa ɗaya.

A bakin famfo ana auna sauran sinadarin kulorin, wato jabel ɗin da kamfanin ruwa ya sa. Akwai wata ƴar ƙwaya da ake jefawa cikin ruwan, in akwai jabel sai ya yi ja-ja, ka gwada launin da ma'auni. Abin da ake nema shi ne miligiram 0,2 zuwa 0,5 a kowace lita. Wannan ɗan ragowar shi ne mai gadin ruwa a hanya. Sai awo na biyu, na ƙwayar cutar da ake kira E. coli, wadda ke zaune cikin hanjin mutum da na dabba. In ka same ta a ruwa, to kashi ya taɓa ruwan nan, babu wata fassara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya cikin mililita 100. Ana tace ruwan, a ajiye matatar cikin ɗumi kwana guda, washegari ka zo ka ƙirga ɗige-ɗigen da suka tsiro.

Abin da muka gani, masana sun daɗe da rubuta shi a ƙasashe da dama, amma ganinsa da ido daban ne. Ruwan famfo lafiya lau. Na bido ya fara canzawa, musamman bidon da ya yi kore a ciki, wanda hannu ba ya shiga balle a wanke shi. Na randa kuwa, a gidaje da yawa, nan ne matatar ke cika da ɗige. Kuma wallahi in ka dubi ruwan, garau yake, ga sanyi, ga ƙamshin ƙasa. Jabel ya riga ya tashi, moɗa ta faɗi ƙasa an ɗauka an mayar, yaro ya fito daga bayan gida ya tsoma hannu har wuyan hannu. Gwamnati ta kashe miliyoyi ta kawo ruwa mai kyau daga kilomita 50, ya lalace a taku biyar na ƙarshe.

Kada wani ya ji wannan ya ce to laifin mata ne. Na ji ana faɗin haka, kuma ban yarda ba. Matar da famfo ke zuwa mata sau ɗaya a kwana biyu dole ta tara ruwa, kuma duk ruwan da aka tara yana cikin haɗari. Matar da ke sayen bido daga ɗan garuwa ba za ta zubar da rabinsa wajen wanke randa kullum ba. Yankewar ruwa ita kanta matsalar lafiya ce. Abin da gida zai iya yi yana da sauƙi: murfi a kan randa, moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, ko bokiti mai ɗan famfo a gindi don kada hannu ya shiga, ko ƙwayar Aquatabs a bido a jira minti 30. Amma ruwa ya riƙa zuwa kullum, wannan ba aikin uwar gida ba ne, aikin waɗanda muke biya ne.

Akwai kuma abin da jabel ba ya kashewa, tafasawa ma ba ta fitar da shi. Da malamin ya zo kan sinadarin fuliwo, misalin da ya fi kowane girma a wurina ba na Burkina ba ne, namu ne. Tibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi. Tun tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suka yi ta shan ruwan wata rijiyar burtsatse har wajen shekara ta 2000, alhali fuliwon da ke cikinta ya ninka iyakar da aka yarda da ita, miligiram 1,5 a lita, sau uku ko fiye. Ɗaruruwan yara suka tashi da ƙafafu a lanƙwashe, haƙora sun rine. Wasunsu yau manya ne, suna nan da ransu. Ruwan nan ba shi da wari, ba shi da launi. Awo ɗaya da aka yi da wuri, aka kuma faɗa wa jama'a sakamakonsa, da ya isa. Shi ya sa duk lokacin da na ga an zo buɗe sabon famfo da kiɗa da yanke ƙyalle, tambayata ɗaya ce: ina takardar labo, kuma wa ya karanta wa mutanen gari ita da Hausa?

To, mu koma ɗaya ɓangaren, wanda ba a son magana a kai.

A Nijar, kusan mutum biyu cikin uku a fili suke kashi, muna cikin ƙasashen da suka fi yawan haka a duniya. Sakamakon mun san shi. Kwalarar 2018 da ta faro daga yankin Madarunfa ta kama mutum fiye da 3000, ta kashe fiye da 70. Ta 2021 ta fi ta muni, fiye da mutum 5000, mamata sun haura 150, kuma Maraɗi da Damagaram da Tawa duk tana ciki. Wannan wanda ake ƙirgawa kenan. Zawon yara na kullum, wanda ke hana su girma, ba ya shiga labaran rediyo.

Mu ƴan birni mukan ɗauka wannan matsalar ƙauye ce, tunda muna da salanga a gida. A Wagadugu aka cire mini wannan tunanin da tambaya ɗaya: in ramin ya cika, ina ake kai abin? Aka ce mu bi shi. Muka kwana biyu tare da masu motar yasar salanga, muka kuma zauna da masu yi da hannu, waɗanda ke shiga rami da bokiti da igiya saboda mota ba ta shiga lungu, ko kuma kashin ya daskare bututu ba ya jansa. Mutanen nan su ne ke riƙe da lafiyar gari, amma da dare suke aiki don kunya, wasu ba safar hannu ba takalmi, ga iskar cikin rami da kan sumar da mutum. Daga nan aka kai mu Kosodo, inda hukumar ruwa ta ƙasar, ONEA, take da tashar da motoci ke juye kayan. Ana shimfiɗa shi kan wasu faffaɗan gadaje na yashi da tsakuwa, ruwan ya tsiyaye a tace shi daban, rana ta busar da sauran. Ba wata fasaha ce mai ban tsoro ba. Fili ne, da yashi, da rana, kuma duka ukun ba mu rasa su ba.

Ba ina cewa sun gama gyara nasu ba ne. Tashoshin sun yi wa birnin kaɗan, kuma mun ga inda ake juyewa a bayan gari don gudun nisa da kuɗin mai. Abin da ya burge ni shi ne yadda suke samo kuɗin. Tun shekarun 1980 akwai ɗan kaso da ake ƙarawa kan takardar kuɗin ruwa don aikin tsabta, kuma da shi aka riƙa horar da magina da taimaka wa gidaje da dalar siminti ta rufe rami da bututun fitar da wari. Kuɗin cikin gida ne, yana shigowa kowane wata, ba ya jiran poroje ya zo ya tafi. Yanzu ku tambayi kanku: motar da ta yashe salangar gidanku bara, ina ta nufa? Gona? Kwari? Gulbi? Da damina ruwa ya kwaso shi ya kawo mana, ya haɗu da na gologo da ke malala a titi, yara suna wasa a ciki. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin salanga da rijiya. Ku je ku auna da ƙafa a unguwarku.

Wani abin dariya, a can aka yi mana darasi kan mayar da fitsari taki, ɗaliban Turai suna ta rubutu, ni kuwa ina jin sunayen garuruwanmu. A Aguié, wajen 2009, manoma sun gwada shi suka sa masa suna takin ruwa. Daga baya matan ƙungiyar Fuma Gaskiya a jihar Maraɗi, tare da masu bincike na INRAN, suka yi ta gwaji a gonakinsu daga 2014 zuwa 2016. Ana tara fitsarin a bido a rufe shi wata biyu zuwa uku har ya zama ba cuta a cikinsa, sannan a zuba wa hatsi. Suka sa masa suna Oga don a daina ƙyamar sunan. Amfanin gona ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100. Sai da na ƙetare iyaka na ji an ɗauki aikin iyayenmu mata a matsayin ilimi.

Wannan ya kawo ni ga abin da bai yi mini daɗi ba game da irin wannan sitaji. Wata tsohuwa da muka shiga gidanta ta ce mana mu ne rukuni na ban-san-nawa da suka zo suka ɗebi ruwanta, suka tambaye ta sau nawa take wanke hannu, kuma ba wanda ya taɓa komowa ya ce mata ga abin da aka gani. Gaskiya ta faɗa. Ɗalibi ya samu maki, ya samu hoto, wani ma ya samu aiki da rahoton, ita kuwa randarta na nan yadda take. Rukuninmu ya koma ya nuna wa kowane gida matatarsa, kuma nan ne na ga fuska ta canza fiye da duk wani wa'azin tsabta. Haka ma tafiyar kanta: kujerun kaɗan ne, sai mai faransanci mai kyau da wanda ya ji labari da wuri. In ilimin ya tsaya ga mu ƴan kaɗan da muka hau mota, an yi asarar kuɗin.

Ga abin da nake kawo wa wannan ƙungiya. Babu abin da muka yi a Wagadugu da ba za a iya yi a Zariya ta Maraɗi ko Garin Malam ta Damagaram ko Talladje ta Yamai ba. Muna da ɗalibai a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da André Salifou, da Abdou Moumouni, da ta Tawa, waɗanda ke neman batun kammala karatu. Muna da fada a kowane lungu, masu shan shayi da suka san kowane gida da kowane ɗan garuwa. Ƙwayar awon jabel ba ta da tsada. Awon ƙwayoyin cuta da na fuliwo yana buƙatar labo, sai mu nemi malaman jami'a da ma'aikatar ruwa ta jiha su shigo ciki. A zaɓi unguwa ɗaya, kafin damina. A nemi izinin mai unguwa da na masu gida, kada a sa sunan kowa ko hoton gidansa a Facebook. A auna famfo da bido da randa, a ƙirga salanga da nisanta da rijiya, a bi motar yasa a ga inda take juyewa, a zauna da masu yi da hannu a ji abin da suke buƙata. Sakamakon kuma masu gidan za a fara kai wa, kafin kowa.

Bayan nan sai mu ɗauki takardar mu je ma'aikatar magajin gari da kamfanin ruwa. Tun 28 ga Yuli 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwan sha da tsabtar muhalli haƙƙin ɗan Adam ne, kuma ƙasarmu da kanta ta rubuta shirin PROSEHA mai cewa kowa zai samu nan da 2030. Tambayoyin da za mu kai ba su da yawa: wane fili aka ware don juye kayan salanga, yaushe aka yi awon ƙarshe na ruwan unguwar nan, kuma a ina za a liƙa sakamakon don kowa ya gani.

Wanda ke so ya shiga rukunin farko, ya ba da sunansa da unguwarsa kafin mu watse. Muna buƙatar ƴan mata sosai, don su ne za a bari su shiga har inda randa take. Sai tambayoyinku.